Arthur Coningham: Matuƙin da ya fara kawo jirgin sama Kano

A ranar 1 ga watan Nuwamban 1925 wasu jiragen saman soja guda uku na ƙasar Birtaniya suka sauka a birnin Kano, bayan tafiyar kwana shida daga ƙasar Masar.

Wannan ne karon farko da jirgin sama ya sauka a birnin, kuma daga wannan tafiya ake soma ƙirga tarihin sufurin jiragen sama a Najeriya.

Jagoran tafiyar shi ne Arthur Coningham, wani hafsan rundunar sojin saman Birtaniya mai shekara 30 da haihuwa.

Daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan kwamandojin sojin sama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya ɓace a Tekun Atlantika a shekarar 1948, a kan hanyar da babu inda jirgi zai sauka ya sha mai.

Tasowarsa

An haifi Arthur Coningham a birnin Brisbane na ƙasar Ostireliya ranar 19 ga watan Janairun 1895.

Mahaifinsa, wanda shi ma Arthur ne sunansa, ɗan wasan kurket ne da ya taɓa buga wa ƙasar wasa. Wata shari'a da ya shigar a birnin Sydney ta zubar masa da mutunci, abin da ya sa iyalin suka ƙaura zuwa New Zealand a 1901.

A can yaron ya girma cikin rashin wadata. Ya yi karatu a Kwalejin Wellington, inda ya fi yin fice a wasanni da hawan doki, sannan ya kama aikin gona.

Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sai ya shiga rundunar sojin New Zealand. Zazzaɓin taifot ya kwantar da shi, aka sallame shi daga aikin soja a 1916.

Bai haƙura ba. Ya biya kuɗin jirgin ruwa da aljihunsa zuwa Ingila, ya nemi shiga sashen jiragen sama na sojin Birtaniya, aka ɗauke shi.

Kafin ƙarshen shekarar yana fagen daga a Faransa. Ya samu raunuka, ya kuma samu lambobin yabo na jarumtaka, kuma zuwa 1918 shi ke shugabantar runduna ta 92 ta jiragen yaƙi.

Bayan yaƙin ya ci gaba da aiki. A 1922 aka tura shi Mosul da ke arewacin Iraƙi, a lokacin da Birtaniya ke amfani da jiragen sama wajen jefa bama-bamai kan ƙabilun da suka ƙi miƙa wuya ga mulkinta.

A can ya ƙware da tuƙa jirgi samfurin DH.9A a ƙasa mai zafi da ƙura. Daga Iraƙi aka mayar da shi Masar.

Tazarar Alƙahira da Kano

Masana sufurin sama suna auna tazarar da ke tsakanin filayen jirgi biyu ne ta hanyar bin layi mafi gajarta a bisa doron duniya.

A wannan ma'auni, tsakanin Alƙahira da Kano akwai kimanin kilomita 3,100. Jirgin fasinja na zamani kan cinye wannan tazara cikin sa'o'i huɗu zuwa biyar ba tare da ya sauka ko'ina ba.

A 1925 wannan layi ba ya biyuwa, domin ya ratsa tsakiyar hamadar Sahara ne, inda babu ruwa, babu gari, babu fetur.

Turawa sun riga sun ga abin da hamadar ke yi. A 1920 Janar Laperrine na Faransa ya mutu a Sahara bayan jirgin da ke ɗauke da shi ya ɓata hanya ya faɗi, kwanaki da dama kafin masu ceto su kai ga wurin.

Shi kuwa jirgin DH.9A ƙarami ne, mai fukafukai biyu ɗaya bisa ɗaya, da aka ƙera da katako aka lulluɓe da yadi. Injinsa ɗaya ne, samfurin Liberty mai ƙarfin doki 400, kuma mutum biyu kawai yake ɗauka, kawunansu a waje.

Jirgi irin wannan sa'o'i kaɗan yake iya yi a sama kafin ya nemi mai. Saboda haka abin da ya dami masu tsara tafiyar shi ne nisan da ke tsakanin wannan masauki da na gaba, kamar yadda madugun fatake ke lissafin zango.

Dole aka raba tafiyar gida-gida, aka share fili a kowane zango, aka kuma tanadi fetur a wurin tun kafin jiragen su zo.

Zango zuwa zango

Jiragen uku, na runduna ta 47, sun tashi daga sansanin Helwan da ke kudu da Alƙahira ranar 27 ga watan Oktoban 1925. Sauran matuƙan biyu su ne Rowley da Baggs, kuma kowane jirgi na ɗauke da makaniki.

Sun bi Kogin Nilu kudu zuwa Wadi Halfa da Khartoum. Daga nan suka juya yamma ta El Obeid da El Fasher a yankin Darfur.

Sai suka shiga ƙasar Chadi, wadda ke hannun Faransa, ta Abeche da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, kafin su biyo ta Maiduguri zuwa Kano.

Wannan zagaye ya mayar da tafiyar fiye da kilomita 4,000, wato ƙarin sama da kilomita 1,000 a kan miƙaƙƙiyar hanya.

Kogin Nilu da layin dogo sun yi musu jagora a farkon tafiyar. Da suka nausa yamma kuwa, sai kamfas da taswirori marasa cikakken bayani, da kuma ido.

Babu wata na'ura a ƙasa da ke nuna wa jirgi hanya. Injin da ya tsaya a tsakanin zango biyu na nufin saukar dole a daji.

Sun sauka Kano ne a filin da Turawa ke sukuwa da wasan folo, a zamanin Sarkin Kano Usman na Biyu. Daga nan suka ƙarasa Kaduna, hedikwatar mulkin Arewa.

Sun koma Helwan ranar 19 ga watan Nuwamba ta hanyar da suka zo, da jiragen nan uku duka. Tafiyar ta ɗauki kwana 24, kuma sun yi kimanin sa'o'i 80 a sararin sama.

An ba Coningham lambar yabo ta sojin sama saboda wannan aiki.

Birtaniya ta shirya tafiyar ne da manufofi fiye da ɗaya. Tana son gwada ko za a iya haɗa ƙasashen da take mulka a gabashi da yammacin Afirka ta sama. Tana kuma son sarakuna da talakawan Arewa su ga ƙarfin da ke hannunta, shekara 22 bayan cin Kano da Sakkwato.

Tsohuwar hanyar alhazai

Hanyar da jiragen suka bi ba baƙuwa ba ce ga mutanen ƙasar Hausa. Ita ce hanyar da alhazai ke bi da ƙafa, ko a kan jakuna da raƙuma, zuwa gabas.

Mai niyyar aikin Hajji daga Kazaure ko Roni ko Gwiwa ko Babura a wancan zamani yakan gangaro Kano, ya nufi Borno, ya tsallaka Chadi da Darfur, har ya kai gaɓar Bahar Maliya a Suwakin.

Tafiyar kan ɗauki shekaru, saboda yawancin matafiyan sai sun tsaya sun yi noma ko ƙwadago a hanya kafin su samu guzurin ci gaba.

Da yawa ba su dawo ba. Wasu sun rasu a hanya, wasu suka zauna a Sudan, inda zuriyarsu take har yanzu a garuruwa irin su Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu.

Garuruwan da suka zama zangon alhazai saboda suna da ruwa da kasuwa, su ne suka zama zangon jiragen sama. Tazarar da alhaji ke shafe watanni yana takawa tsakanin Kano da Khartoum, jiragen Coningham sun ratsa ta cikin 'yan kwanaki.

Sai bayan shekara goma aka fara jigilar farar hula a kan hanyar. A watan Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirgar mako-mako tsakanin Khartoum da Kano, inda ake haɗuwa da babban layin da ke zuwa Landan. Daga baya a cikin shekarar aka miƙa layin zuwa Legas.

A waɗannan shekaru shi Coningham yana koyarwa a makarantun sojin sama a Ingila. A 1932 ya auri Nancy Frank, kuma a shekarar aka tura shi Sudan a matsayin babban hafsan sojin sama a ƙasar.

Da aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu a 1939, yana shugabantar rukuni na 4 na jiragen da ke jefa bama-bamai, a yankin Yorkshire.

Hanyar Takoradi

A watan Yunin 1940 Faransa ta faɗi a hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin. Wannan ya sa Bahar Rum ya zama wuri mai haɗari ga jiragen ruwan Birtaniya.

Dakarunta da ke Masar suna buƙatar jiragen yaƙi cikin gaggawa. Idan aka zagaya da su ta Afirka ta Kudu a jirgin ruwa, sai an shafe makonni masu yawa.

A nan ne aka tuna da hanyar 1925. A watan Agustan 1940 gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bayyana goyon bayansa ga Janar de Gaulle, abin da ya buɗe sararin samaniyar ƙasar ga Birtaniya.

Sai aka riƙa kawo jirage cikin akwatuna ta teku zuwa tashar Takoradi da ke ƙasar Ghana ta yau. A can ake harhaɗa su, a tuƙa su zuwa Legas da Kano da Maiduguri, su wuce Darfur da Khartoum, su bi Nilu zuwa Masar.

Tsawon hanyar ya kai kusan kilomita 6,000, kuma akan yi ta cikin kimanin mako guda. Jiragen kan tashi ne ayari-ayari, babban jirgi mai ɗauke da masanin hanya a gaba, ƙanana na biye da shi.

Ayarin farko ya tashi a watan Satumban 1940, da jirgi samfurin Blenheim guda ɗaya da Hurricane guda shida. Zuwa ƙarshen 1943 an tura jirage sama da 5,000 ta wannan hanya.

Amurkawa ma sun shigo daga 1941, suna tsallako Atlantika daga Brazil zuwa yammacin Afirka, sannan su bi ta Kano da Maiduguri. Yaƙin ne ya sa aka faɗaɗa filayen jiragen waɗannan birane biyu.

A watan Yulin 1941 aka naɗa Coningham kwamandan jiragen da ke yaƙi a hamadar Masar da Libya, a ƙarƙashin Arthur Tedder. Jirage da yawa da ya yi yaƙi da su ta Kano suka biyo, a kan hanyar da shi da kansa ya fara buɗewa shekara 16 kafin nan.

Yaƙin hamada

A hamada Coningham ya yi suna. Yaƙi ne na gudu da kora a kan ɗaruruwan kilomitoci, tsakanin dakarun Birtaniya da na Janar Rommel na Jamus.

Jirgin yaƙi ba ya iya nisa da sansaninsa. Don haka ya tsara rundunarsa yadda rabin ma'aikata za su wuce gaba su shirya sabon fili, yayin da sauran ke ci gaba da aiki a tsohon.

Wannan tsari ya taimaka wajen kare sojojin ƙasa lokacin da suka ja da baya zuwa El Alamein a tsakiyar 1942, ya kuma taimaka da aka juya aka bi Rommel da kora.

Ra'ayinsa shi ne a fara ƙwace sararin sama daga hannun abokan gaba, a kuma tattara jirage ƙarƙashin kwamanda guda maimakon a rarraba su ga kowace bataliya. Ya kuma dage cewa hedikwatarsa ta zauna kusa da ta kwamandan sojin ƙasa.

Bayan nasarar El Alamein a watan Nuwamban 1942 aka ba shi lambar girma ta Sir. A 1943 ya jagoranci jiragen Birtaniya da na Amurka a Tunisiya da Sicily da kudancin Italiya, kuma sojin Amurka sun ɗauki tsarinsa suka sa a littafin ƙa'idojin yaƙinsu a wannan shekarar.

A farkon 1944 ya koma Ingila ya karɓi rundunar saman da ta mara wa sojojin ƙawance baya a saukar Normandy ranar 6 ga watan Yuni. Ya riƙe ta har Jamus ta miƙa wuya a watan Mayun 1945.

Bai rabu da rigima ba. Dangantakarsa da Janar Montgomery ta yi tsami, domin yana ganin Montgomery na cinye yabon nasara shi kaɗai, yana kuma jan ƙafa wajen kama filayen da jirage ke buƙata. Ya taɓa yin cacar baka da Janar Patton na Amurka a Tunisiya.

Masu sukarsa sun ɗauke shi mutum mai son a san da shi, mai riƙo a zuci. Magoya bayansa kuwa suna sanya shi a sahun gaba na waɗanda suka gano yadda sojin sama da na ƙasa za su yi aiki tare.

Ya yi ritaya a 1947 da muƙamin Eya Mashal.

Tafiyar ƙarshe

A ƙarshen watan Janairun 1948 Coningham ya shiga jirgin fasinja mai suna Star Tiger, samfurin Avro Tudor mai inji huɗu, na kamfanin British South American Airways.

Jirgin ya tashi daga Landan ya yada zango a Lisbon, sannan a Santa Maria da ke tsibiran Azores na ƙasar Portugal. Zango na gaba shi ne tsibirin Bermuda.

Tsakanin Santa Maria da Bermuda akwai kimanin kilomita 3,600. Wannan ya ɗara tazarar Kano da Jidda, wadda ta kai kimanin kilomita 3,400, kuma duk ruwa ne, babu tsibirin da za a sauka a tsakani.

Iskar yankin a lokacin sanyi takan kaɗo ne daga yamma, wato tana karo da jirgin da ya nufi Bermuda. Iska irin wannan na rage gudun jirgi, ta ƙara masa sa'o'i a sama, ta cinye masa mai.

Jirgin ya tashi da yammacin ranar 29 ga wata, da fasinjoji 25 da ma'aikata 6. Matuƙinsa, Kyaftin Brian McMillan, ya zaɓi ya bi ƙasa-ƙasa, kimanin mita 600 daga saman ruwa, domin kauce wa iska mafi ƙarfi da ke can sama.

Iskar ta fi yadda aka yi hasashe, ta kuma karkatar da jirgin daga hanyarsa. Jim kaɗan bayan ƙarfe uku na daren 30 ga wata, ma'aikacin rediyon jirgin ya nemi Bermuda ta ba shi saiti, aka ba shi, ya amsa.

Wannan ne saƙo na ƙarshe. A lokacin saura kimanin kilomita 630 jirgin ya isa.

An yi kwana biyar ana nema ta sama da ta ruwa, ba a ga ko da tarkace ba. Kwamitin bincike a ƙarƙashin Lord Macmillan ya kammala aikinsa ba tare da ya gano musabbabin ɓacewar ba.

Marubuta sun sanya lamarin cikin tatsuniyoyin da ake yi game da Alwatikar Bermuda, musamman da wani jirgin kamfanin, Star Ariel, ya ɓace a yankin a watan Janairun 1949. Masu binciken da suka biyo baya sun fi mayar da hankali kan nisan zangon da ƙarfin iska da ƙarancin man da ya rage.

Coningham ya ɓace yana da shekara 53, a ranar da aka harbe Mahatma Gandhi a birnin Delhi.

Abin da ya bari a Kano

Bayan yaƙin, Kano ta zama babban zango ga jiragen da ke zirga-zirga tsakanin Turai da kudancin Afirka. Kamfanoni irin su BOAC da KLM da Sabena kan sauka a birnin su sha mai kafin ko bayan tsallake Sahara.

'Yan kasuwar Kano ma sun ga damar da ke ciki. Alhaji Mahmud Ɗantata da Alhaji Haruna Kassim suna cikin waɗanda suka fara shirya jigilar alhazai, da farko a motoci ta Chadi da Sudan, daga baya a jiragen sama.

Shekaru da dama, maniyyata daga masarautar Kazaure da sauran sassan Jigawa ta filin jirgin Kano suke tashi, kafin a buɗe na Dutse a 2014.

Abin da ya ɗaukaka Kano a harkar shi ne gazawar jiragen farko wajen yin dogon zango. Da aka ƙera manyan jirage masu iya tashi daga Turai zuwa Johannesburg kai tsaye, sai yawancin kamfanonin suka daina sauka.

Filin jirgin, wanda aka sa wa sunan Malam Aminu Kano, shi ne mafi daɗewa a Najeriya. Alhajin da ya tashi daga cikinsa da safe yakan yi sallar La'asar a ƙasar Saudiyya.

A watan Nuwamban 2025 saukar jiragen Coningham a Kano ta cika shekara 100.